Tambayi Likita: Baba ya ajiye maganin zuciya na asibiti ya koma shan ƙwayoyin homiyofati

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ya aiki, ya iyali? Allah ya saka da alheri bisa wannan shafi.

Mahaifina shekararsa 62, yana sayar da yadi a kasuwa, kuma ya kai shekara goma yana fama da hawan jini. Tun hunturun bara ya fara wani abu: in ya fito sallar asuba, kafin ya isa masallaci sai ya tsaya ya dafa katanga, ya dunƙule hannu ya ɗora a tsakiyar ƙirji. Yakan ce ji yake kamar an aza masa buhun siminti, nauyin yana tafiya har kafaɗar hagu da muƙamuƙi. In ya tsaya minti biyu ko uku sai abin ya sake shi. Mun daɗe muna cewa olsa ce. Da muka kai shi asibiti aka yi gwaje-gwaje, sai aka ce jijiyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini ne suka tsuke. Aka ba shi asfirin, da maganin rage maiƙon jini, da wani mai suna bisoprolol, da wata 'yar ƙwaya da zai sa a ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso.

Ya sha su wata huɗu amma kullum cikin mita. Ya ce ta ƙarƙashin harshen tana sara masa kai, ɗayan kuma yana kashe masa jiki. Ana haka Baffana, ƙanensa, ya raka matarsa Indiya ganin likita, ya dawo masa da kwalabe uku na maganin homiyofati. Biyu fararen ƙwayoyi ne ƙanana kamar gero, masu zaƙi, an rubuta Glonoinum 30C a jikin ɗaya, Cactus grandiflorus 30C a jikin ɗayar. Ta uku ruwa ce, an rubuta Crataegus Q. An ce wa Baffa ba su da illa, kuma suna wanke jijiya tun daga tushe. Yau mako uku ke nan Baba ya ajiye na asibiti gaba ɗaya, yana cewa ya ji sauƙi. Ni dai na lura ya daina zuwa masallaci a ƙafa, yayana ke kai shi a mashin, kuma ya daina hawa benen shago. Shekaranjiya ciwon ya taso masa yana zaune yana sauraron labarai, ya jiƙe da zufa, ya ɗauki kusan kwata na awa kafin ya lafa.

Likita, shin maganin nan yana aiki? Za a iya haɗa shi da na asibiti? Kuma yaya zan yi wa Baba magana ba tare da na shiga tsakaninsa da ƙanensa ba?

Wata 'yar'uwa daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne, ke kuma ya yi miki albarka saboda idon da kika sa a kansa.

Masu karatu su sani, ban bar wannan wasiƙa ta jira ranar fitowar shafi ba. Ranar da ta shigo na mayar mata da amsa a gajarce cewa a kai shi asibiti yau, kada a kwana. Ta sanar da ni an kai shi an kwantar da shi, ta kuma yarda in buga wasiƙar. Abin da ya ɗaga min hankali layi ɗaya ne a ciki: ciwon ya taso masa yana zaune. Bari in fara daga nan.

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, tana bugawa wajen sau 100,000 a rana ba hutu. Duk da jini ne cike a cikinta, ba daga shi take ci ba. Tana da nata jijiyoyin da ke kwance a jikinta ta waje suna shayar da ita, manya guda uku, kowace kaurinta bai fi bututun tawadar biro ba sosai. Hawan jini, ciwon suga, taba, maiƙon jini, gado da shekaru su ke sa maiƙo ya riƙa taruwa a cikin bangon waɗannan jijiyoyi sannu a hankali, hanya tana ƙuntata. Mutum yana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya ishe shi. Da ya tashi yana sauri, ko ya hau bene, ko ya ci ya ƙoshi, zuciya ta nemi ƙari, hanya ta gaza, sai tsokar ta yi kuka. Kukan nan shi ne buhun simintin da Baba yake ji. Sanyi ma yana ƙara tsuke jijiya, shi ya sa asubar hunturu ce ta fara tona abin. In ya tsaya ya dafa katanga, buƙatar zuciya ta ragu, ciwo ya tafi da kansa cikin 'yan mintoci.

Wannan shi ne ciwon da ya san iyakarsa. Amma ranar da ya fara zuwa mutum yana zaune, ko ya tashe shi daga barci, ko ya daɗe fiye da yadda ya saba, ko ya zo da zufa da tashin zuciya, labari ya canza. Galibi hakan yana nufin ƙullin maiƙon ya tsage, jini ya fara daskarewa a kansa. In gudan jinin ya toshe hanyar gaba ɗaya, tsokar da ke gaba takan fara mutuwa cikin minti 20 zuwa 30, kuma wadda ta mutu ba ta sake tofowa. Asfirin ɗin da Baba ya ajiye aikinsa ke nan, hana jini saurin daskarewa a wurin. Shi kuwa bisoprolol ba a yanke shi farat ɗaya, domin zuciyar da ta saba da linzaminsa takan zabura in aka cire, ciwon ya dawo fiye da da. Kin ga Baba ya cire garkuwa biyu a rana ɗaya.

To, me ya sa a madadinsu? Zan yi miki bayanin homiyofati da adalci, don mutane da yawa a wajenmu suna ɗaukarsa maganin gargajiya ne na Indiya, irin su sassaƙe da saiwa. Ba haka ba ne. Wani likita Bajamushe ne ya ƙirƙiro shi, Samuel Hahnemann, wanda aka haifa a 1755 ya rasu a 1843. A zamaninsa likitocin Turai suna tsaga jijiyar mara lafiya su zubar masa da jini kwano-kwano, suna ɗura masa magungunan zaiba masu guba. Hahnemann ya ga ana kashe mutane da sunan magani, ransa ya ɓaci, kuma a nan yana da gaskiya. A 1790 ya sha ɓawon itacen da ake samun kwinin daga jikinsa, ya ce ya ji alamu irin na zazzaɓin cizon sauro, alhali lafiyarsa ƙalau. Daga nan ya gina ra'ayinsa, ya fitar da shi a 1796: abin da ke jawo wa mai lafiya wata alama, shi ne zai warkar da mara lafiya mai irin wannan alamar. Da yake yawancin abubuwan da yake gwadawa guba ne, sai ya riƙa sirka su da ruwa ko barasa yana girgizawa, har ya kai ga cewa wai yawan sirki da girgiza ƙara wa magani ƙarfi yake. Marasa lafiyarsa sun fi na abokan aikinsa tsira a wasu lokuta, amma dalilin bai wuce wanda Hausawa suka faɗa ba: da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda aka ba ruwa ya fi wanda aka zubar wa jini.

Yanzu ɗauko kwalbar Baba ki duba inda aka rubuta 30C. Harafin C yana nufin ɗari. Ana ɗaukar ɗigo ɗaya na asalin maganin a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa a girgiza, wannan shi ne 1C. Daga cikin wannan a ɗauki ɗigo ɗaya a zuba a wani sabon 99 a girgiza, 2C ke nan. Haka za a yi ta yi har sau 30. Ki gwada a kicin da kofin shayi: ɗebi ɗigo ɗaya ki zuba a cokalin ruwa, ki ɗebi ɗigo daga nan zuwa wani cokalin. A na biyu launi ya tafi, a na uku harshe ba zai ji komai ba. Lissafi ya nuna in aka kai 13C, daidai yake da a jefa ɗigo ɗaya cikin ruwan da ya fi na dukan tekunan duniya yawa. Kowane abu yana da ƙwayar da ba ta rabuwa ya ci gaba da zama shi, kuma masana kimiyya sun san adadin waɗannan ƙwayoyi a cikin kowane awo. Da an wuce 12C, abin da ya fi yiwuwa shi ne ko ƙwaya ɗaya ta asalin maganin ba ta saura ba. A 30C kuwa, ana maganar kashi ɗaya cikin lambar da ke da sifiri 60 a bayanta. Wannan ruwan ake ɗigawa a kan 'yan dunƙulen sukari a bar su su bushe. Zaƙin da Baba yake ji sukari ne, kuma sukarin ne kaɗai a ciki. Masu harkar ba sa musun lissafin nan. Cewa suke ruwa yana riƙe da tunanin abin da ya taɓa shiga cikinsa, kuma har yau ba wanda ya iya nuna hakan a gwajin da wasu suka maimaita suka samu.

Kwalbar da ta fi taɓa ni ita ce Glonoinum, domin ita da 'yar ƙwayar ƙarƙashin harshen da Baba ya ajiye asalinsu ɗaya. Sinadarin sunansa naitirogilisarin, a jikin kwalin asibiti za ki ga an rubuta GTN. Wani masanin sinadarai ɗan Italiya, Ascanio Sobrero, ya haɗa shi a birnin Turin wajen 1847, ya lura cewa in ya ɗan taɓa harshe yana kawo saran kai mai tsanani. Wani likitan homiyofati a Amurka, Constantine Hering, ya ɗauke shi a 1849 ya raɗa masa wannan suna, kuma bisa ƙa'idarsu ya mai da shi maganin ciwon kai, tunda ciwon kai yake jawowa. Sai a 1879 William Murrell, likita a Landan, ya ba masu ciwon ƙirji shi a awo ƙanƙani amma na gaske, ya rubuta yadda ciwon ke sakinsu. Shi ne sinadarin da Alfred Nobel ya yi arziki da shi wajen haɗa nakiyar fasa duwatsu, kuma cikin ikon Allah a ƙarshen rayuwarsa da ciwon ƙirji ya kama shi, shi likitocinsa suka rubuta masa. An yi fiye da shekara ɗari ana amfani da shi kafin a gano yadda yake aiki: a cikin jiki yana sakin wata iska da ke sassauta bangon jijiyoyi, su buɗe, nauyi ya ragu a kan zuciya. Mutum uku da suka gano aikin wannan iska sun karɓi kyautar Nobel a 1998.

Ki lura da abin da wannan ke nufi ga Baba. Ƙwayar asibiti tana ɗauke da wajen rabin miligiram na sinadarin. Saran kan da yake ƙorafi a kai alama ce maganin ya shiga, ya buɗe jijiyoyin kai tare da na sauran jiki. Ta Baffa ba ta sara masa kai saboda babu abin da zai yi saran. Da suka ce ba ta da illa, gaskiya suka faɗa, amma ba su ƙarasa maganar ba.

Cactus ɗin ma hukuncinsa ɗaya, tunda shi ma 30C ne. A littattafansu akwai wasu da suke ba masu ciwon ƙirji, har da dafin gamsheƙa da na wata baƙar gizo-gizo, duk a sirke har ba saura. Kwalba ta uku ce daban. Harafin Q yana nufin jiƙon asali wanda ba a sirka ba, na wata bishiya mai ƙaya da ke fitowa a ƙasashen sanyi, kuma a cikin barasa ake jiƙa ta. Wannan akwai abu a ciki, don haka yana iya cuɗanya da magungunan hawan jini da na zuciya. An gwada tsiron a kan masu raunin zuciya fiye da 2,600 a wani babban bincike da aka fitar a 2008, bai nuna ya rage mutuwa ba. Ba shi da wata hujja ta wanke jijiyar da ta toshe.

Za ki ce to ai Baba ya ce ya ji sauƙi, kuma Baba ba ya ƙarya. Na yarda ba ya ƙarya. Amsar tana cikin wasiƙarki: ya daina tafiya masallaci a ƙafa, ya daina hawa bene. Wanda ya daina abin da ke tayar masa da ciwo dole ya ga ciwo ya ragu. Mutane suna yin haka ba tare da sun sani ba, jiki ne ke koya musu kauce wa wahala. Na biyu, wannan ciwo in aka tsaya yakan tafi da kansa. Mutum ya tsaya, ya laluba aljihu, ya buɗe kwalba, ya zuba ƙwaya a baki, minti uku sun cika, ciwo ya tafi, sai yabo ya tafi ga kwalba. Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Na uku shi ne ƙarfin sa rai. A shekarun 1950 akwai wata tiyata da ake yi wa masu ciwon ƙirji, a ɗaure wata jijiya a cikin ƙirji da fatan jini zai karkata zuwa zuciya, kuma marasa lafiya suna ta yabawa. A 1959 wani likita a Amurka, Leonard Cobb, da abokan aikinsa suka gwada ta a kan mutum 17. Takwas aka ɗaure musu jijiyar, tara aka tsaga fata kawai aka ɗinke ba tare da sun sani ba. Waɗanda ba a yi wa komai ba suka ba da labarin sauƙi daidai da waɗanda aka yi wa. Daga nan aka watsar da tiyatar. Jin ciwo yana sauraron zuciyar tunani, amma maiƙon da ke cikin jijiya ba ya jin lallashi. Mutum yana iya jin daɗin jikinsa alhali hanyar tana ƙara rufewa.

Ba ni kaɗai nake faɗa ba. A 2005 mujallar likitoci ta Lancet ta buga nazarin da ya kwatanta gwaje-gwaje 110 na homiyofati da 110 na magungunan asibiti, aka ga a manyan gwaje-gwaje masu inganci tasirin homiyofati bai wuce na ƙwayar da ba komai a cikinta ba. Hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta yi nata dogon nazarin, ta ce a 2015 babu wata cuta ko ɗaya da ke da tabbatacciyar hujja cewa yana maganinta. Hukumar lafiya ta Ingila ta ce wa likitocinta a 2017 su daina rubuta shi, Faransa kuma ta daina biyan kuɗinsa daga asusun inshorar lafiya a farkon 2021. A Indiya yana da kasuwa sosai, da makarantu, har yana ƙarƙashin wata ma'aikatar gwamnati da aka kafa a 2014, shi ya sa Baffa ya gan shi a shaguna masu tsabta da mutane masu farar riga. Amma a Indiyar ma, wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe ɗakin gaggawa ake ruga da shi. Ki ajiye sakamakon binciken homiyofatin nan kusa da na asfirin: a wani gwaji da aka fitar a 1988 a kan mutum fiye da 17,000 da bugun zuciya ya kama, asfirin kaɗai ya rage mutuwa da wajen kashi 23 cikin ɗari, da aka haɗa shi da allurar narkar da gudan jini ragin ya kai wajen kashi 42. Ƙwayar da ake sayarwa a kowane kemis ke nan.

Akwai wani malamin makaranta da ba na mantawa. Bai fi shekara hamsin ba. Ciwon ya kama shi bayan magariba, yana da irin waɗannan kwalabe da wani abokinsa ya ba shi. Matarsa ta ce min duk bayan kwata na awa sai ya zuba ƙwaya biyar a ƙarƙashin harshe, ya ce a ƙara haƙuri, an ce masa in ciwo ya fara tsananta alama ce magani ya kama. Ita kuma tana zaune a gefen katifa tana yi masa fifita, tana goge masa zufa da gefen zani. Sai bayan asuba maƙwabci ya sa shi a mota. Da aka kawo min takardar awon bugun zuciyarsa na san mun makara, ledar kwalaben tana hannun matar ta ƙanƙame ta. Ya rayu, alhamdu lillahi. Amma babban ɓangare na tsokar ya mutu a daren nan. Ya bar aji saboda ba ya iya tsayuwar darasi ɗaya, barci kuma sai da matashin kai uku. Ba sukarin ne ya cuce shi ba, awa goman da ya zauna yana jiran sukarin ne. Kuma maganar nan ta cewa tsanantar ciwo alamar waraka ce tana cikin koyarwar homiyofati. A ciwon zuciya ban san maganar da ta fi ta haɗari ba.

Mu ma likitoci da namu laifin, kuma ba zan ɓoye ba. Mai homiyofati yakan zaunar da mutum kusan awa guda yana tambayarsa barcinsa, cimarsa, damuwarsa. Mu kuwa layi ya yi tsawo, minti biyar mun rubuta mun miƙa. Baba ya yi wata huɗu yana cewa kansa na sarawa, jikinsa na mutuwa, kuma ga alama ba wanda ya zauna ya ce masa saran kan yakan ragu in jiki ya saba, farasitamol yana kwantar da shi, kasalar kuma ana iya rage awon maganin ko a canza masa wani. Duk ƙorafinsa yana da gyara. Da an saurare shi, da kwalaben Baffa sun tarar da shi ba ya bukatarsu. In kin koma asibiti ki rubuta ƙorafin nasa a takarda, ki karanta wa likita ɗaya bayan ɗaya, kada kunya ta hana ki.

Batun haɗawa kuwa, ƙwayoyin 30C ba za su yi faɗa da na asibiti ba, tunda sukari ne. Duk da haka ba na so su zauna a aljihunsa, don ranar da ciwo ya taso hannu yana iya zuwa kan kwalbar da ba ita ba, kuma duk sauƙin da ya samu ita zai yaba wa, gobe ya sake ajiye na gaske. Akwai kuma matsalar cewa ba kowane kamfani ke sirkawa yadda ya rubuta ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta taɓa samun sinadari mai guba fiye da kima a wasu ƙwayoyin homiyofati na jarirai masu haƙori a 2017. Ruwan Crataegus kuwa a kai shi wurin likita ya gani, kada ya ƙara sha kafin nan.

Yadda za ki yi da Baba da Baffa: kada ki ce an yaudari Baffa, kada ki ce ya kawo maganin banza. Mutumin nan yana jinyar matarsa a ƙasar da ba ya jin yarenta, ya tuna da yayansa, ya cire kuɗi ya saya ya ɗauko. Zumunci ne, a gode masa. Ki fara samun Baffan shi kaɗai, ki gaishe shi, ki gaya masa abin da ya faru shekaranjiya da zufar da kika gani, ki roƙe shi ya zo asibiti ya ji daga bakin likita. In Baffa da kansa ya ce "Yaya, a koma kan na asibiti," magana ta ƙare, ba wanda ya ji kunya. In kina ganin bakinki ya yi ƙanƙanta, ki bi ta wurin Mama ko wani aminin Baba da yake jin maganarsa.

In an sallamo shi, ga abin da nake so kowa a gidan ya sani, har yaran. Ƙwayar ƙarƙashin harshe ta zauna a jikinsa kullum, a cikin kwalbarta ta asali, ba a leda ko takarda ba, kuma ba a cikin mota mai zafi ba. Irin ta kwalba takan rasa ƙarfi wajen mako takwas bayan buɗewa, don haka ki rubuta ranar a jiki. Ta fesawa ta fi daɗewa in ana samu. In ciwo ya taso ya zauna tukuna, domin tana saukar da jini har mutum ya ga jiri, sannan ya sa ɗaya. Bayan minti biyar in bai tafi ba ya ƙara ɗaya. In wasu biyar suka wuce yana nan, ko tun farko ya zo da zufa, amai ko sarƙewar numfashi, a ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, muddin ba ya da rashin jituwa da shi ko gyambon ciki mai zubar jini, a sa shi a mota. Kada ya tuƙa da kansa, kada a ɗora shi a mashin, kada a tsaya kemis. Tun yanzu ku san asibitin da ke da na'urar awon bugun zuciya da likita cikin dare, ku san wanda zai ba da mota ƙarfe biyun dare. Masu ciwon suga, mata da tsofaffi wani lokaci ba sa jin nauyin ƙirjin sosai, sai kasala, haki ko zafi a saman ciki kamar olsa, don haka a kula.

Akwai magana ɗaya da ba ke za ki yi da Baba ba, likitansa zai yi masa a keɓe, amma na rubuta ta domin maza masu karatu. Duk mai amfani da ƙwayar ƙarƙashin harshe kada ya kusanci maganin ƙarfin maza irin su Viagra. Haɗuwarsu tana iya faɗar da jini warwas har a rasa rai. Wannan ya haɗa da na leda da na kwalba da ake tallarsu da sunan gargajiya, domin hukumomin magani a ƙasashe da dama sun sha samun wannan sinadari a ɓoye a cikin irinsu.

Ki gaishe min da Baba. In likitansa ya ba da izini, ya koma takawa a hankali, a fara da ƙofar gida zuwa bakin layi, da rana ta ɗan ɗaga, da rigar sanyi.

TAMBAYA

Likita, ni dattijo ne mai irin wannan ciwo, ina da ƙwayar ƙarƙashin harshe. In ciwon ya taso min da rana cikin Ramadan, in na sa ta azumina ya karye?

Wani dattijo daga Maraɗi

AMSA

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Fatawa ta malamai ce, amma zan isar maka da abin da suka faɗa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta lissafa ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe domin ciwon ƙirji cikin abubuwan da ba sa karya azumi, matuƙar mutum ya kiyaye haɗiye abin da ya narke. Ta fatar baki take shiga jini, ba ta ciki ba. Don haka in ya taso ka zauna ka sa ta nan take, kada ka jira a kira magariba. In bai lafa ba bayan ta biyu, ka tauna asfirin ka sha ruwa a tafi asibiti, ka rama azumin daga baya. Kuma wata guda kafin Ramadan ka je wurin likitanka da duk magungunanka a leda, ya duba ko jikinka zai ɗauki azumin bana, ya kuma tsara maka waɗanda za ka sha da sahur da waɗanda za ka sha bayan buɗa baki.